Alkawari Kaya Ne: Wa'azin da Badala Ba Ta Iya Tarewa

Shekara uku da suka wuce na je karofin Ƙofar Mata domin rubuta rahoto a kan yadda rijiyoyin rini ke cikewa da ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo marini, wanda shuni ya zauna a hannuwansa har ba ya fita, ya ajiye aikinsa ya ba ni kusan awa biyu. Ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka, da kwanakin da ruwan ke yi kafin ya nuna. Da zan tafi ya roƙi abu ɗaya tak: in wanko masa hoton da na ɗauke shi a bakin rijiya, yana so jikokinsa su gani. Na ce, "Baba, da yardar Allah ranar Talata zan kawo maka." Rahoton ya fita, an biya ni kuɗina, hoton kuwa ya ci gaba da kwana a cikin waya.

Sai bayan wata goma sha huɗu wani aiki ya sake bi da ni ta wurin. Tun daga nesa ya gane ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗan jarida, ina hotona?" Na fara lalubo uzuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya san ni Kirista ne, domin sunana ya riga ya gaya masa tun ranar farko. Ya ce, "Ina yaro mahaifina ya kai kakata asibitin ido na mishan. Ya dawo yana cewa, mutanen nan in sun ce maka Talata, to Talata ce. Na zaci kai ma irinsu ne, ɗana."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da abin ya fi mini sauƙi. Ni Bahaushe ne, Kirista, kakannina Maguzawa ne na kudancin ƙasar Kano. Tun ina ƙarami nake rera waƙoƙin amincin Allah a majami'a kowace Lahadi. Ranar nan na gane cewa dattijon nan ba zai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waƙoƙin ba. Abin da ya sani game da addinina shi ne Talatar asibitin ido da Talatata, kuma ya auna su ya ga bambanci. Ra'ayin da nake so in kare a wannan rubutu daga nan ya fito: a birni irin Kano, cika alkawari shi ne kusan kaɗai shaidar da Kirista ke iya bayarwa a kan amincin Ubangijinsa, kuma mun yi sakaci da ita.

Yadda aka rufe ƙofa

Mai karatun da bai san Kano ba yana buƙatar taswira. Badalar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa tun ƙarni na 12 ta zube a wurare da yawa, amma iyakar da ta shata tana nan a zukata. Majami'un Kano a wajenta suke, a Sabon Gari da Fagge da Birged da sauran unguwannin waje. Wannan tsari yana da tarihi, kuma tarihin nasa na alkawari ne.

A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso Kano da 'yan rakiyarsa huɗu, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su wurin zama ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, kuma a watan Maris, a Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Magadansa suka fassara wannan alkawari da cewa ba za a bar mishan su yi wa'azi a biranen sarakuna ba sai da yardar sarki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 baƙi suka yawaita, aka yanka musu Sabon Gari a 1913, can nesa da Gidan Rumfa.

Turawan mulki sun riƙe wannan alkawari ne domin ya dace da siyasarsu ta mulki ta hannun sarakuna, kuma mishan sun yi ta ƙorafi a kansa shekara da shekaru. Sakamakonsa dai shi ne ƙofar da aka bar wa mishan ita ce ta aiki: zangon kutare na Yadakunya da ƙungiyar SIM ta karɓa a shekarun 1930, da asibitin ido da ta buɗe a 1943, wanda yau ke hannun ECWA. Mutanen cikin birni ba su ji huɗubar mishan ba. Sun dai ga ko likita zai zo ranar da ya ce, ko maganin da aka ce kyauta ne kyautar ne. Mahaifin dattijon Ƙofar Mata daga irin wannan ya gina hukuncinsa, ya bar wa ɗansa gado.

Mutanen da suka jira

Akwai wani labari da ya girmi zuwan Tugwell, kuma a tsakiyar birni ya faru. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami mai suna Ibrahim wanda nazarinsa na ayoyin Alƙur'ani a kan Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayin da malaman fada ba su yarda da shi ba. Ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Lokaci ne na zaman ɗar-ɗar, domin malaman da suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi suna yaƙi da Kano, kuma fada tana kallon duk wani malami mai jama'a da idon tuhuma. Aka nemi Malam Ibrahim ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a Kasuwar Kurmi. Almajiransa suka watsu zuwa iyakar Kano da Ningi da Zazzau.

Gaskiya ta wajabta in faɗi cewa Isawan farko ba su kira kansu Kiristoci ba. Masu tarihi irin su Ian Linden sun nuna cewa daga cikin ilimin Musulunci ƙungiyar ta tsiro, kuma labarin da ya fi yaɗuwa ya biyo ta bakin Miller ne, wanda yake da nasa buri. Abin da zuriyarsu suka riƙe shi ne malaminsu ya bar musu wasiyya cewa wata rana wani zai zo musu da cikakken bayani a kan Isa. Suka jira fiye da shekara talatin. A 1913 wasu daga cikinsu suka iske Miller a birnin Zariya, kuma ba da daɗewa ba aka kafa musu mazauni a Gimi, inda suka gina majami'a da makaranta.

Da tatsuniya ce, nan za a ce ƙurunƙus. Amma Gimi tana cikin yankin ƙudan tsando, kuma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikin mazaunanta, garin ya watse. Mutanen da suka ga abin da suka ɗauka cikar alkawari ne, su ne suka binne 'ya'yansu da iyayensu a wurin. Yaran da suka tsira aka kai su makarantar Miller, wadda ta koma Wusasa a 1929. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, kuma ministan harkokin waje a jamhuriya ta biyu.

Na kawo labarin nan domin yana gyara wani kuskure da ya cika majami'unmu a yau. Masu wa'azin arziki sun mai da amincin Allah tamkar takardar banki: ka ba da baiko yau, ka karɓi mota gobe. Isawan Gimi ba su sami mota ba. Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 11, ta jera sunayen masu bangaskiya sannan ta ce da yawansu sun mutu ba su riƙe abin da aka alkawarta musu a hannu ba, daga nesa suka hango shi. Amincin da Littafi Mai Tsarki ke magana a kai yakan ɗauki tsawon da ya wuce ran mutum guda, kuma wanda ya fahimci haka ba zai yi mamaki ba in cika nasa alkawarin ya zo masa da asara.

Littafin da sunansa Alkawari

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma sassansa biyu sunansu Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Duk yaron makarantar Lahadi ya san sunayen, ƙalilan ne suka tsaya suka yi tunani a kansu. Addinin da ya sa wa littafinsa wannan suna ya riga ya faɗi ma'aunin da za a auna mabiyansa da shi.

Domin mai karatu Musulmi, wanda na san shi ne mafi yawa a nan, bari in bayyana yadda koyarwar take. A littafin Farawa, sura ta 15, an ba da labarin yadda Allah ya ƙulla alkawari da Ibrahim. Al'adar wancan zamani ita ce a yanka dabbobi a raba su biyu, masu ƙulla yarjejeniya su ratsa tsakani, ma'ana duk wanda ya saɓa, abin da ya sami dabbar ya same shi. A wannan labari barci mai nauyi ya kama Ibrahim, kuma wuta da hayaƙi, alamar kasancewar Allah, su kaɗai suka ratsa. Malaman Kirista sun daɗe suna karanta wannan da cewa Allah ya ɗora wa kansa nauyin alkawarin duka. Wasiƙar Ibraniyawa ta ƙara da cewa da yake babu wanda ya fi shi girma da zai rantse da shi, sai ya rantse da kansa. Kuma a daren ƙarshe kafin a kama Yesu, ya kira ƙoƙon da ya miƙa wa almajiransa sabon alkawari, abin da muke tunawa duk ranar Jibin Ubangiji.

Daga nan ɗabi'a ta biyo. Tunda Allah ba ya saɓa maganarsa, wanda ke kiran kansa ɗansa ko bawansa ba shi da izinin saɓa tasa. A Matiyu sura ta 5 Yesu ya hana almajiransa rantsuwa, ya ce i ɗinsu da a'a ɗinsu su wadatar. Hikimar a fili take ga duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwa: mutumin da sai ya rantse ake yarda da shi ya riga ya sanar cewa maganarsa ta yau da kullum ba ta da nauyi. Zabura ta 15 kuma, da take siffanta wanda ya cancanci tsayawa a gaban Allah, ta haɗa da mutumin da ya yi rantsuwa, abin ya juye ya zama masa asara, amma bai canja ba.

Labarin da ya fi dacewa da Kano, a ganina, shi ne na Joshuwa sura ta 9. Mutanen Gibeyon, waɗanda ba Isra'ilawa ba ne kuma ba addininsu ɗaya ba, sun yaudari Joshuwa da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suka ce daga ƙasa mai nisa suka fito, har ya rantse musu da zaman lafiya. Bayan kwana uku asiri ya tonu, jama'a suka yi gunaguni, shugabanni suka ce rantsuwar ta riga ta ɗaure su. Da maƙwabta suka kawo wa Gibeyon hari, Joshuwa ya yi tafiyar dare ya kai musu gudummawa. Bayan ƙarnoni Sarki Saul ya karya wannan alkawari, kuma Sama'ila ta Biyu sura ta 21 ta danganta yunwar shekara uku ta zamanin Dawuda da wannan cin amana. Darasin ba ya buƙatar dogon sharhi: alkawarin da aka yi wa wanda ba ɗan addininka ba, nauyinsa ɗaya da wanda aka yi wa ɗan'uwa.

Musulmin Kano ba baƙo ba ne ga wannan magana. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe, kuma sanannen hadisi ya lissafa saɓa alkawari da cin amana cikin alamomin munafuki. Birnin kansa a kan amana aka gina shi. Fataken da suka riƙa tafiya Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, da dukiyar wasu suke tafiya, kuma magana ce takardarsu. Har yau a Kurmi da Kantin Kwari kaya na miliyoyin naira na fita a kan "kawo in ka sayar". A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardun naira suka ɓace, littafin bashin mai shago da mai kayan miya ne ya ciyar da gidaje da yawa. Kirista da ke zaune a irin wannan gari yana zaune ne cikin mutanen da suka ƙware wajen auna magana.

Inda muke zubar da kayan

Hausawa suka ce alkawari kaya ne. Bari in faɗi wuraren da nake ganin muna sauke namu a gefen hanya, kuma da kaina na fara.

Na farko shi ne "da yardar Allah". Wasiƙar Yakubu ta koya mana mu riƙa jingina shirinmu ga nufin Ubangiji domin ba mu san abin da gobe za ta haifa ba. Mun karɓi wannan kalma ta tawali'u mun mai da ita ƙofar gudu. Lokacin da na ce wa dattijon nan "da yardar Allah ranar Talata", ban rubuta a ko'ina ba, ban tambayi kaina ko ina da lokaci ba. Na sa sunan Allah a kan maganar da ban yi niyyar ɗauka da nauyi ba. 'Yan'uwana Musulmi sun san yadda ake yi wa "in sha Allahu" irin wannan riƙo, har ya zama in tela ya faɗe ta ana saura kwana uku Sallah, mai ɗinki sai ya fara neman tsohuwar riga.

Na biyu shi ne alkawarin bainar jama'a. Duk wanda ya halarci gidauniyar ginin majami'a ko bikin godiyar kaka ya san yadda ake yi. A kira sunan mutum a lasifika, ya tashi ya ambaci adadi, a yi tafi, mata su yi guɗa. Bayan wata shida ma'aji na bin sa a waya. Mun ƙirƙiri wata al'ada da ke ba mutum ladan alkawari tun kafin ya cika, sannan muna mamakin rashin cikawa. Labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura ta 5 a kan wannan yake. Bitrus ya gaya musu cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Laifinsu shi ne neman sunan wanda ya ba da duka alhali wani ɓangare kawai suka bayar. Shugabannin ikilisiya da ke son gyara suna iya farawa da daina sanar da adadi a lasifika.

Na uku shi ne bashi da adashi da albashi. Akwai makarantun da ke ɗauke da sunaye daga Littafi Mai Tsarki a allonsu, malamansu na bin albashin watanni. Akwai dattijon ikilisiya da ya karɓi kaya a hannun Alhaji a Kwari, ya sayar, ya sa kuɗin a wani abu, ya daina ɗaga waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma na san mutanen kirki da suka kasa biya ba da son ransu ba. Amma rashin iya biya daban, ɓuya daban. Wanda ya je da ƙafarsa kafin ranar ta cika ya ce, "Alhaji, ga halin da nake ciki, ga abin da zan iya kawowa duk wata," ya riƙe rabin alkawarinsa. Wanda ya canja lamba ya koya wa Alhaji wani abu game da Kiristoci wanda fasto dubu ba za su goge ba.

Abin da za a ce mini

Na san amsoshin da wannan rubutu zai jawo, kuma wasunsu suna da ƙarfi.

Ɗan'uwa a ikilisiya zai ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta wurin ayyuka ba, don haka ina ɗora wa mutane kayan shari'a. Gaskiya ne cewa Bitrus ya yi alkawarin ba zai taɓa musun Ubangijinsa ba, ya yi musu sau uku a dare guda, kuma an karɓe shi. Wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti ta ce rashin amincinmu ba ya rage amincin Allah. Amma Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, sannan ya ƙare rayuwarsa yana cika abin da ya saɓa. Gafara tana ba mutum ƙarfin komawa ya fuskanci wanda ya yi wa laifi. Wanda ya mai da ita dalilin ƙin komawa bai fahimce ta ba.

Wani zai tambaya ko kowane alkawari ne ake cikawa. A'a. Sarki Hirudus ya yi wa yarinya rantsuwa a gaban baƙi, ta nemi kan Yahaya Mai Baftisma, ya ba ta don kunyar idon jama'a. Alkawarin aikata zalunci tuba ake yi daga gare shi. Bambancin a bayyane yake: Joshuwa ya cika nasa, asarar ta faɗa kansa, Hirudus ya cika nasa, asarar ta faɗa kan marar laifi.

Mai karatu Musulmi kuma yana iya cewa, ashe dai dabara ce, kyakkyawan hali a matsayin tarkon jan mutane zuwa coci. Wannan zargi yana da tushe a tarihi, domin an yi lokacin da magani da wa'azi suke tafiya a faranti ɗaya a zangon kutare, kuma mutane ba su manta ba. Amsata ita ce alkawarin da aka cika domin a kama mutum, shi kansa yaudara ne. Dattijon Ƙofar Mata Musulmi ne, haka mahaifinsa ya rayu ya rasu, kuma ba na kai masa hoto domin ya canja. Ina bin sa gaskiya ne domin na ce zan yi, kuma domin Allahn da nake bauta wa ba ya ƙarya. In na kira wannan wa'azi, ma'anata ita ce yana faɗin gaskiya game da wanda nake bauta wa, ko an karɓa ko ba a karɓa ba.

Kayan da ke kan birni

Amsa mafi nauyi ita ce ta Kiristan da zai ce: kai kana maganar hoto da adashi, mu fa wa ya cika mana namu? Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya yi wa kowane ɗan ƙasa alkawarin 'yancin addini. Duk da haka muna tuna Oktoban 1982, lokacin da rikici a kan ginin majami'a a Fagge ya kai ga ƙona majami'u, da Oktoban 1991, lokacin zuwan Reinhard Bonnke. Muna tuna 29 ga Afrilu 2012, ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, dab da badala, farfesoshi biyu na cikin waɗanda suka rasu. Muna tuna 'yar kasuwar da aka kashe a Kasuwar Ƙofar Wambai a Yunin 2016 bisa zargin ɓatanci, da yadda kotu ta sallami mutum biyar da ake tuhuma a watan Nuwamba bisa shawarar ma'aikatar shari'a ta jiha. Bahaushe Kirista kuma yana da nasa ƙarin ciwo, na wanda ake tambaya a garin kakanninsa daga ina ya zo.

Ba zan rage nauyin wannan ba, kuma ina kira ga masu karatuna, lauyoyi da likitoci da ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a, su ɗauke shi a matsayin amanar da ke wuyansu. Wanda ke zaune a ofishin filaye ko na ɗaukar ma'aikata ko na bayar da takardar shaidar ɗan ƙasa, rantsuwar kama aiki da ya yi alkawari ce, kuma ba ta ware kowa ba.

Amma Kano ta taɓa nuna cewa tana iyawa. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar tallafin mai, Kiristoci sun yi kewaye suna gadin Musulmi suna salla a dandalin Silver Jubilee, matasan Musulmi kuma suka zagaya majami'un Sabon Gari ranar Lahadi suna ba da tabbacin kariya. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 20 ga wata, Boko Haram ta kashe mutum aƙalla 185 a birnin, kuma a Nuwamban 2014 ta kashe fiye da ɗari a Babban Masallacin Juma'a, a ƙofar gidan Sarki. Masu kisan ba su tambayi addinin kowa ba kafin su tayar da bam. Abin da ya hana garin wargajewa a waɗannan shekaru shi ne dubban ƙananan amanoni da ba su shiga jarida ba: maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabci, mai shagon da ya tsare shagon wanda ya gudu har ya dawo. Irin wannan amana ba a ƙirƙirarta ranar tashin hankali. Ana tara ta ne tun da sauran zaman lafiya, bashi bayan bashi, Talata bayan Talata. Shi ya sa ban yarda cewa maganar adashi ƙarama ce ba. In kuma Kirista ya ce ba zai cika nasa ba sai an cika masa, ya bar koyarwar Farawa 15, inda mai alkawari bai jira ɗaya ɓangaren ya farka ba.

Kwana biyu bayan haɗuwarmu na wanko hoton, na sa shi a firam, na kai Ƙofar Mata. Kuɗin duka bai kai na abincin rana biyu ba, abin da ya ƙara mini kunya. Dattijon ya goge hannunsa a gefen riga, ya karɓa ta gefe-gefe don kada shuni ya taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo. Ya ce hularsa ta karkace a hoton, me ya sa ban gaya masa ba. Sannan ya kira wani yaro ya kai gida, ya ce mini, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma nan gaba in ba za ka iya Talata ba, ka ce ba za ka iya ba. Ba wanda zai kama ka."